Rijiyar Da Na Ce Babu

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a gindin duwatsun Ayar.

Bayan gaisuwa ta ladabi da neman albarka, ina roƙon Allah Ya sa makwancinki ya fi bukkarki sanyi da yalwa. Ni ne ɗanki Agali, wanda kika yi renonsa da Tamajak, harshenmu na Buzaye, lakwal, wato makarantar boko, ta juya masa harshe zuwa Faransanci, ga shi yau tsufa ya cim masa a Arlit yana rubuto miki da Hausa. Na san ba ki taɓa karanta takarda ba. Masu karanta wannan mutanen garin nan ne, waɗanda ke ce mini Baba Tafinta, suna tashi su ba ni kujera. Ina so su leƙa su gani, domin na daɗe ina karɓar girman da ba nawa ba.

Maganar rijiya ce, Inna. Kin bar duniya kina tsammanin na riƙe amanarta, alhali ban riƙe ba.

Ke ba ki bukatar a tuna miki da ita, amma masu karatu suna bukata. Mahaifinki Bilal ne ya haƙa ta a gefen ƙorama, cikin wani kwari da ke yamma da duwatsu, ya jera mata duwatsu tun daga ƙasa har baki. A lokacin babu Arlit, babu Akokan, babu ko turke ɗaya a wannan fili. In za mu tashi daga kwarin, sai ki sa a gitta itatuwan aduwa a bakin rijiyar, a shimfiɗa tsohuwar fata, a ɗora faffaɗan duwatsu, a zuba yashi. Daga nan ki kora awaki su bi ta kai har sau biyu. Wanda bai sani ba, ko ya kwana a wurin ba zai ce akwai ruwa a ƙarƙashinsa ba.

Dalilanki biyu ne. In damina ta kawo ambaliya, buɗaɗɗiyar rijiya cika take yi da laka. Na biyu kuma sojojin kumandan, Annasaran da ke mulkin yankin, waɗanda suka gane cewa ba sai sun bi makiyayi daji ba, su dai zauna a bakin ruwa, shi da kansa zai kawo musu raƙuman da za su ƙwace. Shi ya sa kika ja mana kunne ni da ƙanwata Mariyama cewa ba a nuna wa mutumin gwamnati rijiya. Matafiyi mai ƙishirwa a ba shi ya sha har ya cika salkarsa, amma mai takarda a hannu a nuna masa hanya kawai.

Kuma in mun tashi, damina biyu muke bari kafin mu koma. Kina cewa ciyawar da muka bari a can ita ce abincinmu na shekarar da ruwa ya ƙi.

Sai ga shekarar da kumandan ya ce kowane zango ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal. Ni maraya ne, babu uban da zai tsaya mini, sai ƙuri'a ta faɗo kaina. Kin raka ni har inda ƙorama ta karkata, kika ɗaura mini cuku a bakin zane, kika juya ba ki waiwayo ba.

A Agadas na koyi lissafi, kuma na so shi, ba zan ɓoye ba. Ranar da malam ya zana mana sifiri a allo ya ce wannan ƙaramin zobe shi ne sunan babu, kaina ya yi ta juyawa har yamma. Ashe ko babu ana iya rubuta ta, a ajiye, wani ya zo daga baya ya karanta. Da na zo hutu na tsaya bakin garke ina ƙirga awakinki da ƙarfi don ki ji na iya. Kika bari na gama, sannan kika ce, “To, sun cika. Wacce ce ba ta da lafiya a cikinsu?” Ban sani ba. Ke ba ki taɓa ƙirga su ba, fuskokinsu kike dubawa.

Abin da ban faɗa miki ba shi ne abin da 'yan birni ke yi mini a lakwal. In na shigo sai su toshe hanci, wai warin akuya ya iso. Buzun daji, haka suke kirana. Shekara ɗaya na jure, a ta biyu na ƙirƙiri uba. Na ce mahaifina ɗan kasuwa ne a Agadas, mai shagon yadi, ya rasu ya bar ni hannun dangi. Ƙaryar ta zauna mini daidai kamar an auna, na ci gaba da sa ta har na yi gemu.

Da ita na shiga aiki wurin Annasaran da suka zo neman duwatsu, a shekarun ƙarshe na mulkinsu. Ni ne mai tuƙa kamiyo, babbar motarsu ta kaya, ni ne tafinta. Shugabanmu wani dogo ne mai jan wuya da leburori suka sa wa suna Mai Guduma, saboda ba ya rabuwa da 'yar gudumarsa ko wurin cin abinci. Zan so in ce miki mugu ne, da na sami inda zan jingina laifi. Ba mugu ba ne. Bai taɓa zagina ba, kuma shi ne mutum na farko da ya amsa mini tambaya kamar ina da hankali.

Yana da wani akwati mai igiya da yake ratayawa a kafaɗa. In ya kara shi jikin dutse, wani lokaci shiru, wani lokaci ya riƙa ƙas, ƙas, kamar gero a tukunyar suya. Na tambaye shi me akwatin ke ji. Ya ce akwai wani ƙarfe a cikin dutsen, yuraniyom, wanda ke cin kansa a hankali ba wuta ba hayaƙi, kuma akwatin ƙarar wannan cin yake ji. Ya zana mini a kan yashi: bayan wani zamani mai tsawon da ya fi shekarun duwatsun nan, rabinsa zai ƙare. Bayan wani zamanin irinsa, rabin abin da ya saura. Haka, haka. Na ce to yaushe zai ƙare duka? Ya yi dariya ya ce in ci gaba da rabawa, in na kai sifiri in zo in tashe shi.

Inna, na yi kwanaki ina rabawa a zuciyata ina tuƙi. Na ga kamar an buɗe mini ƙofar duniya. A idona na lokacin, mutumin da ke jin maganar dutse ya fi duk wanda na taɓa sani, har da ke. Ga shi na rubuta, kuma hannuna bai so ba.

Wata safiya ya nuna mini hanya a taswira, na bi, sai na ga wani tsagaggen dutse da na sani tun ina yaro ya bayyana a gabana. Kwarinmu ne. Shekara ta biyu ke nan da tashinku, ciyawa ta kai gwiwa, babu sawu, babu toka, babu ko kashin akuya sabo. Kin bar wurin tsaf kamar yadda kika saba. A gindin tudu akwatin ya haukace, Mai Guduma ya cire hula ya jefa sama.

Da rana ta take, ya fito da wata takarda mai layi-layi ya ɗora a kan murfin mota. Ya bayyana mini dokarsu, domin shi mutum ne mai son bayani. In akwai rijiya a wuri, ko kabari, ko lambu, dole a rubuta, kumandan ya kira masu shi a ji ta bakinsu. In babu ko ɗaya, ƙasa ce marar mai ita, ta zama ta gwamnati. Ya ce ni ɗan ƙasa ne, idona ya fi nasa, in duba da kyau. Muna tsaye a inuwar aduwa. Daga gindinta zuwa bakin rijiyar taku talatin ne, ka nufi tsagaggen dutse. Da ƙafata na sha auna su ina ɗauke da guga.

Na zagaya kamar mai dubawa, na dawo na ce babu.

Ya zana ƙaramin zoben nan a gaban rijiya, ya zana a gaban kabari, ya zana a gaban lambu. Ya miƙo mini alƙalami na sa hannu a matsayin shaida, da kyakkyawan rubutun da malam ke yabo.

Nan ne nake so ki saurare ni da kyau. A wannan lokacin ban tuna da sojojin kumandan ba. Ban tuna da gargaɗinki ba. Abu ɗaya ne ya zo mini: in na ce akwai rijiya a ƙarƙashin yashin nan, zai tambaye ni yadda ɗan mai shagon yadi ya sani. Sai in ce uwata ce ke rufe ta, sai leburori su ji, sai a dawo toshe hanci. Wandon kaki na duba, da takalmina, na zaɓe su.

Aka kafa sansani, aka kakkafa turaku. Aka kawo injin huda ƙasa da gangunan ruwa daga nesa. Kullum in na dawo da kamiyo sai in tsayar da ita daidai kan rijiyar, bakinta tsakanin tayoyi, don kada wani lebura ya taka ya ji rami ƙaryata ta tonu.

Bayan damina kika iso, kamar yadda na san za ki iso. Da tsakar rana ne. Ke a gaba da jaki, awaki a baya, Mariyama can ƙarshe tana kora masu ciki. Kika tsaya. Kika dubi tantuna, kika dubi injin, kika dubi inda motar take tsaye, sannan kika dube ni. Ni kuwa ina nan ƙiƙam kusa da Mai Guduma, ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Kika matso, kika ja mayafi, kika yi mini magana da gurguwar Hausarki. Tunda kika haife ni ba ki taɓa yi mini Hausa ba, harshen kasuwa ne a wurinki, na baƙi. Kika ce, “Malam, ka taimaka da ruwa, akuya nawa yana jin ƙishirwa.”

Mai Guduma ya tambaye ni wace ce. Na ce wata mai awaki ce, wucewa take yi. Ya ce a ba ta ruwa, har ya sa aka ƙara miki da ƙullin sukari. Na buɗe ganga na zuba miki a ƙwarya, ruwa mai ɗumi mai warin man mota. Kika sha a tsaye, ƙasa da taku goma daga rijiyar ubanki. Kika ce, “Na gode, Malam,” kika kora dabbobinki.

Kwana uku ne zuwa ruwa na gaba. Daga baya Mariyama ta gaya mini cewa masu cikin ba su kai ba, kuma ke kika riƙa yanka su da hannunki a hanya don kada su mutu mushe.

Da wata ya zagayo wani mai raƙumi ya kawo mini ƙunshi. Cuku ne, da saƙo daga bakinki. Kin ce a gaya mini na yi daidai. Kin ga yadda na ɓoye rijiyar da mota, kin ga yadda na yi kamar ban san ki ba don kada su gane muna da abu a wurin. Kin ce baƙi ne, za su gaji su tafi, rijiya tana nan. Ashe Hausar da kika yi mini taya ni ɓoyewa kike yi. Na zauna bayan mota na cinye cukun nan tas, kunya ba ta hana ni ba.

Lissafinki ba na wauta ba ne, Inna. Duk baƙon da kika taɓa gani ya zo ya wuce: masu ƙwace, masu fatauci, fari, fara. Wanda ya iya ɓoye ruwansa ya jira, shi ke saura. Abin da ba ki sani ba, ni kuma na sani, shi ne waɗannan baƙin ba su bukatar zama. Sun tafi ɗin kuwa, ba a daɗe ba aka sauke tutarsu. Amma takarda ba ta bi su ba. Tana cikin kabad, sababbin masu mulki suka gaji kabad ɗin da makullinsa.

Na yi shekaru ina tunanin wannan abu, tunda tsoho ba shi da aikin da ya fi tunani. Gwamnati, kowace iri ce, abin da ya tsaya wuri ɗaya take gani. Katanga, siminti, shinge. Mutumin da ya sare itatuwa ya kewaye fili ya ƙona ciyawa, shi ne mai ƙasa a wurinta, don ya bar tabo. Ke da kika kula da kwari har ba a ganin sawunki, kulawarki ce ta zama hujjar cewa ba ki taɓa zuwa ba. Kuma malaminmu bai gaya mana cewa sifiri iri biyu ne ba. Akwai na abin da babu shi, akwai na abin da wanda aka tambaya ya ƙi faɗa. A takarda kamarsu ɗaya, kuma duk lissafin da aka ɗora a kai daga baya bai san bambancin ba.

Ba zan yaudari kaina ba. Mutanen da suka ƙetare teku don dutsen nan, da wuya rijiya ɗaya ta tsayar da su. Wataƙila da na faɗi gaskiya, kumandan ya kira ki, a yi zaman minti goma, a sallame ki. Amma da an kira ki. Da sunan Bilal ya hau takarda, da kuma kin san wanda ya raba ki da ruwanki. Ni na hana ki ko wannan.

Kowace shekara kina bi ta can ki hango daga kan tudu ko sun tashi. Turaku suka zama shinge, shinge ya yi ta matsowa. Ba ki taɓa kuka da ni ba. Lokacin ciwonki na ƙarshe na zo na zauna a bakin bukka, mata sun cika, kika nuna ni da haɓa kika ce musu, wannan ko da ya sa wandon Annasara, bakinsa namu ne. Suka yi ta sa mini albarka. Kwana huɗu na yi a wurinki, muna mu biyu sau da yawa. Na gyara miki matashi, na ba ki nono a cokali, na yi miki hirar farashin gero a Agadas.

Na ce a raina lokaci zai shafe abin. Ya rage shi kam. Da na yi aure ya ragu, da na haihu ya ragu, da aka gina garin nan na sami gida da famfo ya ƙara raguwa. Sai dai irin ragin da Mai Guduma ya zana mini ne a yashi, kullum akwai saura.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu shi ne Sidi, ɗan Mariyama. Ba ki san shi da girma ba. Magidanci ne yanzu, da furfura a gemu, shi ke riƙe da abin da ya rage na garkenki wajen Gugaram. Shi da wasu dattawa suka shirya zuwa wani ofis su nemi a buɗe musu hanyar dabbobi ta gefen kwarin, ko a haƙa musu rijiya a madadin ta kakansu. Suka ce in raka su, ni ne na san takarda. Na sa babbar riga na bi su.

Ma'aikacin mutumin kirki ne, ya yi ta bincike har ya zaƙulo tsohuwar takardar, ta yi ja don tsufa. Ya shimfiɗa ta a tebur ya ce ga abin da aka samu tun farko: rijiya babu, kabari babu, lambu babu, kuma ga shaidar ɗan ƙasa. Sidi ya iya karatu. Na ga yatsansa ya bi layin har ƙasa, ya tsaya a kan sunana.

A nan ne, bayan duk waɗannan shekaru, bakina ya buɗe. Na ce ni ne na sa hannun, kuma ƙarya na yi, akwai rijiya. Ma'aikacin ya dube ni da tausayi ya ce, Baba, wace shaida za mu ɗauka, ta saurayin da ke tsaye a wurin da idonsa garau, ko ta dattijon da ya zo tare da masu nema? Saurayin nan ya fi ni ƙarfi, ya kayar da ni a gaban jikanki.

Da muka fito Sidi ya kama mini hannu a matakala kamar yadda ya saba. Ya raka ni har gida. Washegari ya aiko mini da nono. Jininki ne, irin hukuncinku ke nan, kuma ya fi duka ciwo.

Don haka ga shaidata ta biyu, ko ofis bai karɓa ba, masu karatu su riƙe. Akwai rijiya. Sunanta Rijiyar Bilal. Tana gefen ƙorama, taku talatin daga gindin aduwa in ka nufi tsagaggen dutse. Zurfinta gaba huɗu, ruwanta sanyi, ba gishiri. An ce mini aduwar ta mutu, an tara tsibin ɓaraguzan dutse a wurin. Ko da haka ne, tana ƙasa, a rufe da kyau, don wadda ta rufe ta ba ta aikin ganganci. Matar da ta zo da awaki ran nan kuma ba wucewa take yi ba. Gida ta zo, kuma uwata ce.

Inna, ki yafe mini ruwan gangar nan. Ki yafe mini cukun da na ci, da albarkar da na bari aka sa mini a bakin bukkarki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Bilal da ya haƙa, Ya shayar da ku daga tafkin da ba a rufe bakinsa. Allah Ya ba Sidi da dabbobinsa ruwa kusa. Ni kuma Allah Ya sa in cika da gaskiya a bakina, ko da ta makara. Tafiyata ta matso, ƙafafu sun fara faɗa mini. In Allah Ya haɗa mu, abu ɗaya nake roƙo: kada ki ce mini Malam. Ki yi mini magana da Tamajak, ko da faɗa ne.

Ɗanki, ɗan mai awaki,
Agali
Arlit